A Bar Tsohuwar Tantan da Tsatsarta

A Ingila akwai masu kuɗi da ke farautar tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, kuma sun fi ɗokin wadda ba a taɓa sake mata fenti ba. Da za su leƙo Tungar Guru, da sun tarar mun riga su ƙwarewa ba da niyya ba. Tantan ɗinmu janta ya koɗe, an ɗaure salansa da waya, kujerar direba buhun taki ne aka ninke, amma injin Perkins mai silinda uku yana tashi da turi ɗaya a gangare. Ni dai a bar ta haka. Sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe aikin dillali ne, mai saye kuwa gara ya ga inda baƙin mai ke ɗiga.

Za a ce ai talauci ne ya hana gyara, ba ƙaunar tarihi ba. Haka ne, babu musu. To amma Bature a rumfa yake ajiye tasa yana goge ta da tsumma, tamu kuwa huɗa take da damina, ta kwaso gero da kaka, ranar kasuwar Gummi ta ɗebi mutane har da awakinsu.