A Sa Min Ido a Gida

Mu mutanen Haɗeja, idan tafiyar kwana ta kama mu, ba ma danna kwaɗo mu kama hanya haka kawai. Sai mun leƙa gidan da ke jikin namu mun yi sallama, mun ce, "Malam, zan je Kano, sai jibi in Allah ya yarda, a sa min ido a gida." Shi kuma ya ce, "Ba komai, Allah ya kiyaye hanya." Uwargida ma ta riga ta gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga, har ta bar mata amanar kajinta. Daga Majema zuwa Dubantu, daga Matsaro zuwa Yayari, haka muka taso muka ga ana yi, kuma ni dai har gobe ban ga makullin da ya kai wannan 'yar magana ƙarfi ba.

Garin nan da ma ya san tsaro tun kaka da kakanni. Da ganuwa aka kewaye shi, da ƙofofi da masu kula da su, kuma a cikinta Sarki Muhammadu Mai Shahada da mutanensa suka tsaya wa Turawa a 1906 har ya rasa ransa. A wancan zamani baƙo ba ya kwana a gari sai da mai masauki, mai unguwa kuwa sai ya san da zuwansa. Yau gari ya tsallake ganuwa ya yi nisa, amma zaure yana nan a gidaje da yawa. Duba yadda magina suke karkatar da ƙofar ciki daga ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Ga Baba a kan tabarma da carbinsa, ga yara suna wasa a ƙofar gida. Baƙuwar fuska ba ta taku uku a lungu sai wani ya ce, "Sannu bawan Allah, gidan wa ake nema?" Tambayar girmamawa ce, kuma mai mugun nufi ya san an riga an gan shi.

Abin da muke yawan mantawa shi ne ɓarawo ya san lokutanmu kamar yadda muka san su. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa. Sai mu baje a tsakar gida, samari a ƙofar gida, waya a gefen matashi, barci ya kwashe mu gab da asuba lokacin da iska ta ɗan sauko. A nan ake zare wayoyi. Da kaka kuwa, in an casa shinkafa an kakkaɓe riɗi, buhuna suna jibge a zaure, duk wanda ya ga amalanke ko kurar da ta sauke su ya ƙirga. Gab da babbar Sallah sai hankali ya koma kan rago. A goman ƙarshe na azumi gida kan tashi kaf zuwa tahajjud, layi guda ya zama ba kowa. Shi ya sa a gidaje masu lura ake barin mutum ɗaya, yau wannan gobe wancan, ba don an raina lada ba.

Dabarunmu na cikin gida ba su da tsada. A zura sakata, a jingina turmi a bayan ƙyaure. Inna ta jera kwanonin sha a bakin ƙofar ɗaki, don ko ƙafa ta taɓa su gida ya tashi. Mashin a shigo da shi har ciki a sa masa sarƙa, kada a ce minti biyu ne za a yi a masallaci. Mai zabi ya san ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru. Wanda ya sa sola ya kira mai walda ya ɗaure masa farantin a cikin ƙarfe, batir kuma ya kwana a ɗaki. Abu ɗaya ne nake roƙon masu sa ƙarfe a tagogi: a bar taga guda mai buɗuwa daga ciki, makullinta a inda kowa a gidan ya sani. Lokacin hunturu ana kwana da garwashi a ɗaki, kuma gobara ba ta jira a nemo makulli.

A fadama lamarin ya fi nauyi. Manomin rani a Auyo ko Kirikasamma ko Guri, injin ban-ruwansa shi ne jarinsa. Wani sai da ya sayar da ɗan bijimi ya saya, wani bashi ya ci. In aka ɗauke shi ana tsakiyar ba alkama ko tattasai ruwa, asarar ta wuce ta inji, gonar ce gaba ɗaya za ta bushe. Shi ya sa za ka ga mutum da magariba ya ɗora inji a bayan mashin, tiyo a naɗe a kafaɗa, ya kai gida, da asuba ya sake dawowa da shi. Waɗanda gonarsu ta yi nisa sukan haɗu su kafa bukka, su raba dare, da tocila da sanda, sauro na cizo sanyin kogi na ratsa ƙashi. Mai wayo yakan yi wa injinsa alama da fenti a wurin da ba a gani, ya adana rasit da lambar injin, domin ranar da aka gano shi a hannun wani, rantsuwa kaɗai ba za ta karɓo masa ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin ambaliya. Idan damina ta yi ƙarfi, madatsun Tiga da Challawa suka cika ruwa ya gangaro, ga kachala ta toshe hanyoyinsa, kowa ya san abin da ke tafe. Wanda ya ga 2020 da 2022 ba sai an ba shi labari ba. Matasa sun kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa, mai kuɗi ya aiko da buhu, mata suka dafa abinci, babu wanda ya tambayi unguwar wani. A ƙauyukan da ruwa ya ci kuwa, mutane sun koma makarantu da kan tudu, sun bar gida da abin da ba su iya ɗauka ba, sai 'yan maza kaɗan suka rage suna zagayawa da kwalekwale suna duba gidan kowa. To mutanen da suka iya tare kogi da hannunsu, tsare layi ɗaya da dare bai kamata ya gagare su ba. Sai dai da ruwa ya janye sai kowa ya shige gidansa, a bar wa 'yan sintiri biyar ko shida unguwa guda.

A sababbin unguwanni abin ya fi damuna. Katanga doguwa, fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a sama, get na ƙarfe, amma mutum bai san sunan wanda ke jikin gidansa ba. Ban ce kada a ɗaga katanga ba, kowa da ƙarfinsa. Amma wanda ya samu ya dira ciki, katangar nan ita za ta rufa masa asiri, ya yi abin da zai yi ba mai gani. In matar gida ta yi ihu, maƙwabcin da bai taɓa cin tuwon gidan ba zai tsaya yana tunanin ko rigimar iyali ce.

Sai kuma maganar da ba ma son yi a majalisa. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ya kawo maka waya ba kwali ba rasit a rabin kuɗinta, ko inji da tsakar dare, ko akuya da ba ka san garkenta ba, ka saya ka ce Allah ne ya kashe ya ba ka. Ɓarawon zaune ke nan, kuma doka tana hukunta mai karɓar kayan sata. Hanyoyinmu a buɗe suke, ta Nguru, ta Gumel, ta Kano, kaya kan bar gari kafin a idar da sallar asuba. Amma wani kayan a cikinmu yake zama, a hannun wanda muke sahu ɗaya da shi. Wanda ya nuna ɗakin da buhuna suke ma sau da yawa ɗan unguwa ne, iyayensa sun ga kuɗi a hannunsa ba su tambaya ba.

'Yan sintirin nan da muke jin usur ɗinsu ƙarfe biyun dare, yawancinsu da safe leburanci ko ga-ruwa za su fita. Ɗan abin da aka yanka wa kowane gida a wata, sai an yi ta zarya kafin a biya, wani ma ya ce ai shi yana da get. A biya su a kan lokaci, a saya musu tocila da rigar sanyi, mai unguwa ya riƙe sunayensu, 'yan sanda su san da su. In kuma an kama mutum, don Allah a riƙe hannu. Ihun "Ɓarawo! Ku tare!" da duhu ya sha faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, baƙo ne da ya ɓata hanya ko mai taɓin hankali. A zaunar da shi a zauren mai unguwa, a kira dattawa biyu su shaida abin da aka samu a hannunsa, da safe a miƙa shi ofishin 'yan sanda.