Masu Canza wa Jariri Famfas

Jariri sabon haihuwa yakan ɓata famfas takwas zuwa goma a yini, don haka kafin a yi arba'in halin kowa a gidan ya fito fili.

Ga mai haihuwar fari. Tun cikinta na wata bakwai ta sa aka yi mata sari a Kasuwar Singa, ta jera kaya a kwando kamar lefe: famfas gefe guda, auduga, basilin, hoda, har ledar zuba ƙazanta a ninke. Ranar da yaron ya tsula mata fitsari a fuska tana cikin buɗe shi, ko audugar ba ta gani ba. Wai a haka kunyar ɗan fari take yi.

Kaka kuwa taɓe baki take yi wa kwandon. Kayan aikinta buta ce da ruwan ɗumi, da tsohon zani da ta yayyaga ta yi ƙunzugu, da man kaɗanya a gwangwani. Sai ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kan ƙaurinta, ta wanke shi tas tana yi masa tsiya: "Haba maigidana, kuɗin cefanen ke nan yau?" Sannan ta bar shi tsirara ya sha iska. A nan kam ina bayanta, domin damshi ne ke sa gindin yaro ya yi ja ya saɓule.

Angon ƙarni gwanin wasa ne da ɗa, har sai hancinsa ya jiyo labari. Nan take zai miƙa shi nesa da farar shaddarsa: "Zo ki karɓi ɗanki!" Ɗazu nasa ne.

Mai tattali ta ƙara ƙwarewa tun da kamfanin Pampers ya sanar a 2023 cewa zai daina yin kayansa a Najeriya. Ɗai-ɗai take saye wajen mai shago, kuma ba ta canzawa sai ta auna nauyinsa a tafin hannu. "Da sauransa," in ji ta.

Uwar 'ya'ya shida famfas ɗaya tal take jefawa a jaka, ta canza shi a cinya cikin adaidaita sahu, waya na maƙale a kafaɗarta.

Shi ma ɗayan ranar nan ta laluba ta rasa. Ashe yayar jaririn ta ɗaura wa 'yar tsanarta.