Kowa da Jeren da Ya Karɓe Shi

Bahaushe bai taɓa wasa da adon gida ba. Tun kafin siminti da kwanon rufi su cika gari, maginan Zariya da Kano ke zana fuskar zaure da dagi da takobi, su kafa zanko a saman soro. Da zamani ya juya, suka ƙara da hoton keke da agogo da jirgin sama, don mai wucewa ya san maigidan ya ga duniya. Maza suna ado a waje, mata suna yi a ciki. Kayan sun canza, amma halin masu kayan yana nan daram. Ga kaɗan daga cikinsu, wanda ya ga kansa ya yi shiru.

Gwaggo Shugabar Jere

Ba a aika mata goron gayyata, ita ke gayyatar kanta. Ranar da za a yi wa amarya jere, tun da hantsi za ta iso, ta ɗaure ɗankwali, ta ɗamare da gyale, ta tsaya a tsakar ɗaki tana ba da oda. "Kai yaro, matsar da gadon nan gabas." A matsar. "A'a, ya tare taga, mayar da shi." A mayar. Kafin la'asar gadon ya zaga kusurwa huɗu, ya dawo inda kafinta ya ajiye shi tun farko.

Sai dai a ba ta haƙƙinta, tarihin ɗakin mata yana cikin kanta. Za ta gaya miki cewa a zamanin kakarta ƙorai ake jerawa, sassaƙaƙƙu, ƙarama a kan babba har su kusa taɓa azara. Daga nan tasoshin tagulla suka shigo, sai kwanonin fenti masu furanni, langa da kwalla da fanteka. Ita kanta da samira aka kai ta, kuma unguwa ta yi wata guda tana zancen. 'Ya'yanta sun samu tangaran a cikin shogilas. Yanzu kuwa kuloli ne da na'urar markaɗe da injin wanki, a gidan da ruwan famfo bai taɓa ziyarta ba. Tana jere tana ƙidaya a zuci. Kafin magariba dangin ango da na amarya duk sun ji adadin kulolin, da wanda aka aro daga maƙwabta don a cike gurbi, da gonar da uban yarinya ya jinginar.

Hajiya Kar-a-Taɓa

Falonta biyu: ɗaya na mutane, ɗaya na kallo. Na kallon shi ne mai kujerun da har yau ba a cire musu ledar kanti ba. Baƙon da ya yi sa'a aka shigar da shi a watan Afrilu, in ya tashi tafiya sai ledar ta bi shi da ƙara. A shogilas akwai farantai da kofunan shayi da ke jiran baƙo na musamman. Surukai sun zo, aka ce ba su kai ba. Maigida ya dawo daga Hajji, aka ba shi shayi a kofin silba. Yaran gidan daga bakin ƙofa suke leƙen talabijin, don kafet ɗin fari ne. Kullum da safe ana share falon, a goge, a sa masa turaren wuta, a ja ƙofa a kulle. Ƙamshin na kujeru ne.

Alhaji Daga-Waje

Kafin ka gama gaisuwa ya fara gabatar maka da kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan daga Dubai. Wancan daga Turkiyya." Komai ruwan zinare ne, har kwandon shara. A sama akwai fitila mai rassa da ƙyalƙyali wadda sai da aka ƙara wa silin ƙarfe kafin ta ratayu, amma da fitilar waya ake cin tuwon dare. Akwai teburin cin abinci mai kujera takwas, aikinsa riƙe makullin mota da caja da maganin sauro, domin iyalin a ƙasa suke baje kwano yadda suka saba. Akwai ma murhun jin ɗumi na ado a jikin bango, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40.

Abin da Alhaji bai sani ba, kujerun Turkiyyar nan a bayan layinsu aka haɗa su. Katakon na nan ne, soson na nan ne, hannun da ya ƙera na wani yaro ne da ya duba hoto a waya ya fitar da shi tsaf. Dillali ne ya gano cewa in ya ce aikin gida ne za a raina, in ya ambaci jirgin ruwa kuɗin ya ninka.

Ɗan Boko Mai Komawa Gida

Shi a Ingila ya gano faifai. Ya shiga wani shago ya gan shi rataye a bango da farashinsa a fam, sai ya tuna akwai irinsa bakwai a madafin mahaifiyarsa. Tun da ya dawo ba a huta ba. Bangon falonsa ya cika da fayafai, ƙasa tumtum na fata, labule shuɗin rini, kusurwa kuma randa ce da busasshen karan dawa a ciki.

Ka ce "ma sha Allah" kawai, ka jawo wa kanka lacca. Zai gaya maka yadda ayari ke ƙetare Sahara da jar fatar akuyar Sakkwato, Turawa su saya a hannun 'yan Maroko su laƙaba mata sunan ƙasar da ba ita ta jeme ba. Zai kai ka marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ya lissafa maka baba da toka da kanwa da ake haɗawa a karofi. Zai zaro naira 20 ya nuna maka Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, har aikinta ya kai Landan. Tagullar Bida, azurfar Agadas, duk ya haddace. Kuma gaskiya yake faɗa. Matsalar ita ce yana laccar ne daga kan kushin, don tumtum na sa masa ciwon baya.

Ranar da mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye aka yi ta. Ta daɗe tana duban bango, sannan ta ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa? Albashin ne bai isa ba?" Ya ce, "Inna, ado ne." Ba ta ce komai ba. Da aka kawo fura, ta miƙe ta ciro faifai mafi tsada ta rufe kwano da shi. Kafin ta koma ta zubar da karan dawar, ta wanke randar ta cika ta da ruwa, ta kuma yi alkawarin aiko masa da fayafai masu kyau, don waɗannan saƙarsu ta ragwaye ce.

Mai Tayin Wulaƙanci

A Kasuwar Kurmi ake gamuwa da ita, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Za ta ɗauki tumtum ta jujjuya, ta shinshina, ta yatsine fuska. Baduku ya faɗi kuɗi, ta taya kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce, "Albarka, Hajiya." Ta ce, "Haba Malam, ba fata ce kawai ba?" Fata ce kawai, amma sai da majemi ya jiƙa ta da bagaruwa, aka rina, aka yanka, aka huda da basilla aka ɗinka ƙulli bayan ƙulli. Haka take yi wa mai tabarma, wadda ta yanko kaba ta shanya, ta rina, ta saƙa ta haɗa. Za ta yi fushin ƙarya ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. In ta saya, sai ta nemi gyara. Da yamma kuma ka gan ta a babban kanti mai sanyi, ta ɗauki furen roba, an buga mata kuɗi a na'ura, ta miƙa kati ba ta ce uffan ba. Har godiya take yi.

Amarya Ai-Ni-Ma-Zan-Iya

Data ce ta ɓata ta. Ta ga wata a YouTube ta mai da tsohuwar taya teburi cikin minti biyar. Tun daga ranar ba a yar da komai a gidan: kwalaben lemo an naɗe su da zaren saƙa, cokulan roba sun zagaye madubi, kwalin ƙwai ya zama fure. Kuɗin gam da fenti da ƙyalƙyali ya sayi abin na gaske sau biyu. Ƙarƙashin gado cike yake da ayyukan da aka kai rabi. Wata safiya ango ya buɗe bayan mota bai ga safaya ba, sai ya tarar an ɗora masa shayi a kanta, an yi mata fentin ruwan hoda. Tambayar da ya fi tsoro ita ce, "Yaya ka gani?" Mai hankali "tubarkalla" yake cewa. Wani lokaci ma gara da ya ce hakan, don daga irin waɗannan ake samun wadda hannunta ya faɗa, ta fara sayarwa a WhatsApp, har ta riƙa ranta masa kuɗin mai.

Baba Ba-a-Yarwa

Bangon ɗakinsa ya tara kalandar 'yan takara tun daga zaɓen 1999, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, maƙiyan juna kafaɗa da kafaɗa. Agogon bango uku, duk rabon biki, kowanne da lokacinsa. Dardumar Makka, ƙahon sa, hoton dawisu, kofi mai hoton ango da amaryar da tuni alƙali ya raba su. Abin da masana ado ke karɓar kuɗi su haɗa da sunan gauraya, shi ya yi shi ba da niyya ba. Kada ka ce zai cire kalandar 2007. Tsagar bango take rufewa.

Malam Ba-Ruwana

Shi ya biya kuɗin komai, amma buzunsa da butarsa da rediyonsa sun ishe shi. In ya shiga falo, a ƙasa yake zama ya jingina da kujerar da har yanzu yake biyan bashinta. An canza labule tun kafin azumi bai lura ba. A matsar da butar taku ɗaya, gidan ya ji a jikinsa. Ra'ayinsa game da ado kalma ɗaya ce: "Nawa?"

Mai Sana'a

Shi ma ba waliyyi ba ne. In ya karɓi kafin alƙalami, kalandarsa rana ɗaya gare ta, wato "gobe da yardar Allah". Ka nuna masa hoto ya ce an gama, ya kawo maka ɗan uwan hoton na nesa. Amma a duk jerin nan shi kaɗai ne ya san yadda ake yin abin da sauran ke taƙama da shi, kuma shi ne mafi ƙarancin samu. Roba ta kori gyartai daga unguwa, ta rage wa masaƙan tabarma ciniki. Ɗan baduku ya duba wahalar uban da abin da ake tayawa, ya zaɓi tuƙa adaidaita.

Waɗanda suka rage kuwa sun karanci mutanensu. Ƙwarya ɗaya ce, farashi uku. In Gwaggo ce, a faɗi gaskiya, don ta fi shi sanin kuɗin. In mai tayin wulaƙanci ce, a fara daga sama, ta gama wahalarta ta sauko daidai inda ake so. In kuwa ɗan boko ne ya tsaya da gilashinsa yana tambayar ko akwai tsohuwa, sai a ce ya dawo jibi. A rataye sabuwar a saman murhu ta sha hayaƙi, a ce masa gadon kakanni ce, ya biya ninki biyar yana sa albarka. Wanda ya ga laifin mai ƙwarya a nan, ya je ya yini yana sassaƙa ɗaya, sannan ya dawo mu yi magana.