Yadda Ake Sayar da Hoton da Mai Saye Ba Ya Ciki

A watan Nuwamba na 2011, a gidan gwanjo na Christie's da ke New York, an sayar da hoto guda a kan dala miliyan 4.3. Wani Bajamushe ne ya ɗauke shi, Andreas Gursky, kuma abin da ke ciki kogin Rhine ne da ciyawa da sararin sama. Ba doki, ba amarya, ba Alhaji. Ƴan mutanen da suka gifta da karnukansu ma sai da ya goge su a kwamfuta. To, duk saurayin Tasawa ko Mayahi da ya ji wannan labari har ya saci kallon kyamararsa, ga shawarwari kyauta.

Da farko ya iya bakinsa a gida. A nan dala tamma biyar ce, don haka tsohonsa zai lissafa ya samu sefa miliyan ashirin da ɗaya da rabi, ya girgiza kai ya ce, "Nasara dai da ɓarnar kuɗi." In ya kuskura ya gyara masa cewa dalar Amurka ake nufi, wato sama da sefa biliyan biyu, da yamma zai tarar an karɓo masa rubutun sha.

Ya san hajarsa

Kowa ya san mai hoto: katin ɗan ƙasa, takardun lakkol, suna, biki, tafiya Makka. A duk waɗannan, mai biya shi ne a ciki. Hoton fasaha kuwa shi ne wanda mutum zai ciro kuɗi ya saya alhali babu shi, babu matarsa, babu ko ragonsa na layya. Nan gizo ke saƙar. Ranar da ya jingina hoton bishiyar gawo a ƙofar shago, Hajiya za ta tsaya ta ƙura ido, ta matso, ta ja baya, sannan ta ce, "Ɗana, wa ke cikin nan?"

"Gawo ne, Hajiya."

"Na ga gawo. Ina mutumin?"

Kada ya fara yi mata bayanin haske da inuwa. Tana da gawo bakwai a gonarta, raƙuma da awaki na cin ƴaƴansu, kuma ba ta taɓa biyan ko dala don ta kalle su ba.

Abin ɗauka bai yi ƙaranci ba

Ta wannan fuska Allah ya yi masa gata. Gursky yana da kogi, shi kuma yana da Gulbin Kaba, wanda ya fi sauƙin ɗauka tun da galibin shekara babu ruwan da zai motsa ya ɓata hoto. Akwai goruba jere a kwarin, akwai hannayen mata masu saƙar tabarma da kaba, akwai kilishin Tasawa shanye a rana, ja wur, wanda direbobin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ke taka burki dominsa. Akwai hawan salla a ƙofar fada. In tarihi yake so, ga Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar nan da ƙone-ƙone da kisa kafin sojojinsu su harbe su a watan Yuli na 1899.

Gawon ma yana da labari. Tun 1983, lokacin da ɗan Ostareliya Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi kan barin kututture ya toho maimakon a sare shi, itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo gonakin Nijar. Sai dai mai hoto ya duba kalanda. Gawo ɗan adawa ne: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Wanda ya hau kabu-kabu a watan Agusta don ɗauko koren gawo zai dawo da hoton ƙirare.

Hunturu kuma ɗan kasuwa ne mai ba da gyara da hannun dama yana karɓewa da hagu. Hazonsa yana tausasa haske yadda Turawa ke sayen na'ura don su samu, ƙurarsa kuwa tana shiga kyamara ta zauna kamar ta biya haya. Kada ya canza gilashin kyamara a tsakiyar kasuwar dabbobi. Kuma ya nemi izini kafin ya ɗaga ta, musamman ga matan aure da dattawa. Bariki da shingen jami'an tsaro kuwa, komai kyan hasken yamma a kansu, ya yi sallama ya wuce.

Farashi

Sirrin sana'ar shi ne ƙaranci. Mai hoto zai ce kwafi biyar kacal zai buga, ya rubuta 1/5 a ƙasa da fensir, ya sa hannu, ya rantse ba zai ƙara ba. Duniya ta yarda da wannan dabara: a 2022 an sayi wani hoton Man Ray na 1924 a kan dalar Amurka miliyan 12.4. Matsalar ita ce a kasuwar Mayahi mai ƙin ƙara kaya alhali yana da hali sunansa marowaci. Ga kuma ƙanensa, wanda zai ɗauki hoton hoton da waya ya watsa a WhatsApp, kafin la'asar kwafi biyar sun zama dubu biyar.

Ya zauna ya yi lissafi da alƙalami: takarda mai kauri, tawada, katakon firam, gilashi, kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Kano inda manyan injinan bugu suke, da gilashi na biyu, domin na farkon ba zai iso da rai ba. Ya haɗa da harajin meri, don mai karɓar haraji shi kaɗai ne a garin da zai yarda nan take cewa wannan sana'a ce. In ya tara duka, zai faɗi kuɗi. Alhaji zai ce "jika biyu", ya ƙara da cewa firam ɗin yake so, a cire gawon a sa hotonsa na Arfa.

Kada ya yi fushi. Ya ce albarka. In Alhaji ya kai jika biyar, ya cire gawon.

Su wa suka riga shi

Zai so ya ji cewa manyan wannan fage a Afirka ta Yamma masu hoton unguwa ne. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mata da samari a gaban zane mai ado, yana ara musu agogo da rediyo da babur don su fito fes. A 1991 an rataye hotunansa a wani nuni a New York an rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Da wani mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako, sai ya tarar da tsohon yana nan, da dubban fina-finansa a adane. A 2016 Grand Palais na Faris ya cika da hotunansa. Malick Sidibé, mai bin samari wuraren rawa da kyamara, ya karɓi lambar yabo ta Zakin Zinariya a Venis a 2007. A Najeriya J.D. 'Okhai Ojeikere ya kama abu guda, kitso, tun 1968, har ya tara hotuna kusan dubu. A Yamai kuma Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar daren birnin a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014 ba tare da ya yi arzikin takwarorinsa na Mali ba. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Abin lura, su Keïta hoton masu biya suka ɗauka, suka kyautata shi, suka adana. Saboda haka saurayinmu ya ci gaba da hoton katin ɗan ƙasa da safe, biki da yamma, gawo ranar da babu ciniki. Ya rubuta suna da gari da kwanan wata a kan kowane hoto. Ya ajiye kwafi a wuri biyu, don waya tana faɗawa rijiya, gara kuma ba ta san fasaha ba. Ya sa ido kan taron masu hoto na Bamako, wanda ake yi tun 1994, ya koyi rubuta bayanin aikinsa da Faransanci cikin layi biyar ba tare da ya kira kansa gwani ba.

Haƙuri kuwa yana da tarihi a garin. Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851 da fensir da littafi, kuma sai 1857 littattafan tafiyarsa suka fara shiga kasuwa. Shekara shida ke nan, ga shi da gwamnatin Ingila a bayansa. Wanda ke da kawu ɗaya a Yamai ya ƙara wasu shekarun a kai.

Mai saye na farko

Zai zo, amma ba daga Faris ba. Wataƙila malamin asibiti ne ɗan Mayahi da aiki ya kai Diffa, ko ɗan kasuwa da ya shekara goma a Kwatano, wanda zai ga goruba a Facebook ya ji ƙamshin gida, ya turo kuɗi ta Nita. Ko mai sabon otal a Maraɗi da bangonsa ya yi fari da yawa. Irin waɗannan suna cikin hoton, ko da fuskarsu ba ta fito ba.

Ranar da kuɗin suka shigo, ya sayi kilishi ya kai wa tsoho, ya gaya masa na gawo ne. Tsohon zai tauna a hankali, ya tambayi gonar wa aka ɗauka, sannan ya tuna masa cewa mai gonar yana da kaso.