Esinka Sanyaya Ƙura Yake Yi, Alhaji

Kafin ka ɗaure fuska, Alhaji, tsaya ka ji. Wannan esin da ka liƙa a bangon falo, wanda kake nuna wa baƙi da haɓa, sanyi kawai ya iya. Ƙurar hunturu da ke shawagi a ɗakin kuwa, zuƙo ta yake, ya sanyaya ta, ya dawo maka da abarka cikin ladabi.

Ka ce ai akwai raga a ciki, kai da kanka kake wanke ta? Da kanka? To, mun ji, ba za mu tambayi yaran gida ba. Amma waccan ragar roba don lafiyar injin aka sa ta, ta tare gashi da zare da yanar gizo-gizo kada su toshe masa ciki. Ƙurar da likitoci ke kuka da ita, wadda ake kira PM2.5, faɗinta bai wuce maikuron 2.5 ba. Silin gashin kanka, in akwai saura, yakan kai maikuron 70, wato ya ninka ta kusan sau 30. Wannan ko sallama ba ta yi wa ragarka, wucewa take har cikin huhu.

Ka ce kakanninmu sun sha hunturu ba abin da ya same su? Su suka gaya maka? Wancan tarin da ake kwana ana yi daga Disamba zuwa Fabrairu, da jan ido, da masu asma da ke kwana a zaune, duk aljanu ne ke nan? Ƙurar nan ba ta unguwarku ba ce kaɗai. Kaso mai yawa daga Bodele iska ke kwaso ta, busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Chadi, kuma takan tsallake tekun Atilantika har dajin Amazon. Abin da ya ƙetare teku, labulen tagarka ne zai tsare shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2021 cewa matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska. Ka tuno ranar da hazo ya hana jirgi sauka a Kano, ka auna da kanka.

To sai maganar HEPA. A'a, ba ƙanwar NEPA ba ce, ko da yake in yayar ba ta zo ba, ita ma zaman banza take. Matacin iska ne da aka ƙera a Amurka a shekarun 1940, lokacin aikin haɗa bam ɗin nukiliya, don ya kama ƙura mai guba kada ma'aikata su shaƙa. Sharaɗin samun wannan suna a can shi ne ya kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai girman maikuron 0.3.

Na ga ka yi murmushi. Ka ce ashe wadda ba ta kai 0.3 ba ta tsira ke nan, ka kama ni? Haba, malam, ka ɗauka rariyar tuwo ce, mai girma ya tsaya ƙarami ya wuce? Tabarmar zaruruwa ce a cukurkuɗe, an nannaɗe ta ninki-ninki. Manyan ƙwayoyin ƙura ba su iya shan kwana tare da iska, sai su yi karo da zare su manne. Ƙananan sosai kuwa ba su tafiya miƙe, iska na ta tunkuɗa su hagu da dama har su taɓa zare su maƙale. Masu wahalar kamu su ne na tsakiya, wajejen 0.3, shi ya sa da su ake yi wa matacin jarrabawa. Murmushin ya koma, ko?

Yanzu kuma ka zabura, a kira mai gyara ya cusa maka HEPA cikin esi. Sannu, uban gaggawa. A gidaje da yawa a Amurka da Kanada inji ɗaya ne yake ɗumama gida lokacin sanyi, ya sanyaya shi lokacin zafi, yana tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki, kuma akwai gurbin da ake zura mataci. Suna auna ƙarfin matacin da ma'aunin MERV, daga 1 zuwa 16, na ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE. Ko a can yawanci a MERV 13 ake tsayawa, don HEPA ya cika matsewa, fankar gida ba ta iya tura iska ta cikinsa. Iska ta ragu, inji ya wahala, ƙanƙara ta daskare a ciki, kuɗin wuta ya hau. Naka esin na bango ko gurbin ma ba shi da shi. In ka matsa, sai ka rasa sanyin, ka rasa tsabtar, mai gyara ya sha shayi da kuɗinka.

Abin yi shi ne na'urar tace iska mai zaman kanta, daidai girman ɗakin. Ka ce tsada? Ba musu. Amma a 2020, lokacin korona, wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, sun fito da dabara: matatai huɗu na MERV 13, fanka mai kusurwa huɗu a sama, kwali a ƙasa, a naɗe da salatif. Ba shi da kyan gani, Hajiya ba za ta yarda ya zauna a falo ba, amma yana aiki. Sai dai a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa. Kuma in mataci ya yi baƙi, canza shi ake yi. Kar ka kai shi bakin famfo da omo, ruwa lalata zaruruwan yake.

Af, Hajiya, dariyar me kike? Turaren wutar da kike turnuƙe ɗaki da shi har ba a ganin talabijin, hayaƙinsa ma PM2.5 ne, ƙamshi kawai ya fi na Bodele.

Nan kuma wasa ya ƙare. Mataci ƙura yake kamawa, ba ya kama iskar guba ta kabon monoksaid da garwashi da janareto ke fitarwa, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Ko HEPA goma ka jera, kada ka rufe ɗaki da kaskon wuta don jin ɗumi, janareto kuma a kai shi waje, nesa da taga.