Yadda Na Gyara Fankar Surukata

Fankar cajin Hajiya, surukata, ba ta tashi mutuwa ba sai tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa mutum ya fito daga wanka yana sharce gumi. Na ce kada a kai ta ko'ina, ai akwai namiji a gidan.

Da na kwance ta sai ga mai laifin a kan fanel: wata 'yar baƙar transista mai ƙafa uku, tsawonta bai wuce milimita 3 ba, bayanta ya kumbura, da ƙyar na karanto J3Y. Irin waɗannan ba a zura ƙafafunsu a rami irin na rediyon da, a saman fanel ake manna su da dalma. Na garzaya Sabon Gari, wani mai shago ya yanko mini guntun tsiri mai ɗauke da sababbi ba tare da ya ɗago kai daga wayarsa ba.

Dalma tana narkewa tun daga digiri 183, ayan ɗina kuwa zafinsa ya ninka haka, ga ƙaton baki, kamar a ce a yi wa sauro kaciya da gatari. In na narka ƙafa ɗaya, kafin in kai ga ta biyu ta farkon ta daskare. Na fusata na ɓanɓare ta. Ta fito, har da guzurin 'yar tagullar da take zaune a kai. Fanel ɗin zamani ba ƙwari.

Na ari hantsakin matata, Maman Ummi, na kamo sabuwar, ina matsawa ta yi tsalle, ko ƙararta ban ji ba. Gida kaf aka durƙusa ana lalube a tabarma. Hajiya ce ta yi kabbara ta miƙo mini abin da ta tsinta.

"Malam, ga ta nan."

Kashin ɓera ne. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Ina ɓaro wata daga tsirin aka ɗauke wuta. Na gasa ayan a kan risho, Ummi na haska mini da waya, na liƙa. Ina kunnawa fanka ta yi shiru, sai hayaƙi siriri da ƙauri.

Washegari muka kai wa wani yaro mai gyaran waya. Ya duba da madubi, ya ce wannan ai 2TY ce, kishiyar J3Y, kuma dalma ta haɗe ƙafa biyu. Ya shafa man liƙi, ya busa iska mai zafi, ya ɗora daidai, ya yi gada da zaren waya inda tagullar ta tashi. Fanka ta kama juyi.

"Alhaji, wane azzalumi ne ya fara taɓa ta?"

"Wani ne a unguwarmu," in ji ni.

"Don Allah kada ku ƙara kai masa."

Maman Ummi ta gyara mayafi ta ce, "Ai ba mu muke kai masa ba, ɗan nan. Shi yake ɗauka."