Zuwa Ga Malam Ma'aji, Mai Kwafe Kayan Kwamfuta



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da faifan da kake jibge kaya a ciki, na rubuto ne in kawo kuka a madadin masu ɗaukar murya da masu tace fim. Tun da wuri in faɗa maka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babu wanda ya raina aikinka. Kai ne kake kwafe abin da ke cikin kwamfuta ka adana a wani faifai dabam, saboda ranar da ɓarawo zai shigo, ko faifai ya mutu, ko yatsa ya goge abin da bai kamata ba. Danginka ma sanannu ne. Akwai Time Machine da Apple ya fitar a 2007, mai zagayowa kowace awa, yana riƙe kwafin awa-awa na yini da dare guda, na kullum-kullum na wata guda, na mako-mako kuma har faifai ya cika. Akwai File History da ya zo tare da Windows 8 a 2012, shi ma awa-awa yake leƙowa in ba a canza masa ba. Duk gidanku haka kuke, agogo kuke bi, ba kwa duban fuskar maigida.

Ka dubi sitidiyo da yamma. An kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirfo, gumi yana bin bayan kowa. Mawaƙiya tana fama da baiti ɗaya tun bayan la'asar, sai yanzu muryar ta zauna daram, har mai kiɗa ya lumshe ido. A daidai nan 'yar fitilar faifanka ta fara ƙyaftawa. Aka dawo da rikodin baya, sai ga "ƙas" a tsakiyar kalma, rabin harafi ya yi ɓatan dabo. Za ta sake, i, amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san ba lallai muryar ta sake zuwa haka ba.

Na san za ka ce kai a hankali kake tafiya, ba ka ture kowa ba. To bari in yi maka lissafi. A kowace daƙiƙa kwamfuta tana auna sautin sau 48,000, tana ɗibarsa kashi-kashi, sau da yawa 128 a kowane kashi, don kada mawaƙiya ta ji muryarta tana makara a hedifon. Ka raba ka gani, kowane kashi bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In kwamfuta ta waiwaya ta amsa maka sallama a wannan ɗan tsakanin, an sami rami ke nan. Faifai mai juyi kuwa, ko yana zagaye 5,400 ko 7,200 a minti, hannunsa na karatu da rubutu wuri ɗaya yake iya zuwa a lokaci guda. Rikodin yana cewa rubuta nan, kai kana cewa karanto mini can. Kada ka kawo mini zancen SSD, faifan da ba ya juyi. Gaskiya ne ya fi sauri, sai dai manyan bidiyoyi har gobe a kan mai juyin muke tara su, don shi ne mai arha.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da kake yi ranar rendarin, wato ranar da kwamfuta take haɗa fim ta fitar da shi kammalalle. Fim ɗin biki yana kan wuta, ƙanen ango yana zaune a benci yana kaɗa makullin babur, manhajar tacewa tana ta zubar da tarkacen wucin gadi masu nauyin gigabayit bila adadin, waɗanda gobe za a share. Sai ka zo ka tattara su tsaf, har da fayil ɗin da ba a gama rubutawa ba, kamar mai sharar da ya zo naɗe tabarma ana tsakiyar cin tuwo. Abin haushin ma, ɗabi'ar da yawa a gidanku ce in faifai ya cika ku zubar da kwafi mafi tsufa don sabo ya sami wuri. Ashe aikin bara mai daraja za ka jefar, ka ba wa shara masauki. In kuwa ta intanet kake aikawa, ka shanye datar da aka saya don tura wa mai biki kayansa.

Abokan sana'a da yawa sun ce in kashe ka kowa ya huta. Ban yarda ba, kuma ina da hujja. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni na gogewa ya share mafi yawan aikin. Aka garzaya wurin ɗan'uwanka na can, ashe ya daɗe ba ya yin aikinsa daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata shugabar sashen fasaha, Galyn Susman, take da shi a kwamfutarta ta gida, saboda ta haihu tana aiki daga can. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, ina mu ina zama babu kai?

Dakatar da kai ya halatta, ya ma wajaba a lokacin ɗauka da rendarin. Matsalar ita ce in an ce maka tsaya, sai ka yi zuciya ka tsaya har illa ma sha Allahu. Ɗan Adam kuwa mai mantuwa ne. Ya kashe ka don aikin awa biyu, sai bayan wata uku, ranar da faifai ya fara ƙara irin ta mutuwa, ya tuna bai kunna ka ba. Apple ya ɗan sassauta a 2022, ya ba mutane zaɓin kowace awa, kowace rana ko kowane mako. An gode, amma har yanzu agogo ne alƙali. Masu cewa a mayar da kai ƙarfe 2 na dare kuma ba su san an kashe janareta tun 11 ba; in wuta ta dawo, ni da kai tare muke rugawa kan kwamfutar.

Saboda haka ga roƙona. Ka yarda da dakatawa mai wa'adi: in na ce ba ni awa uku, ka koma gefe, in sun cika ka dawo da kanka ba sai an aiko ba. In ka ga jan maɓallin rikodin a kunne, ka jira a ƙofa. Foldar tarkace kuwa ni zan sa ta a jerin abin da ba ruwanka da shi, wannan haƙƙina ne. Da zarar mawaƙiya ta cire hedifon, bisimilla, ka kwashe muryar nan kafin ma ta sa takalmi, don a wannan lokacin kwafinta ɗaya tak ne a duniya.

Kafin ka koyi wannan ladabi, 'yan'uwana masu sana'a, duk wanda ya dakatar da Malam Ma'aji ya saita ƙararrawa a wayarsa tun bai ɗaga hannu daga linzamin kwamfuta ba.

Ka huta lafiya. Wassalam.

Naka,
Mai tace fim da sauti.